TARIHIN MASARA MAI JURE FARI: RABON MALAMAI DA RABON MANOMA

Gabatarwa

Idan aka tambayi yaron da ya taso a Zariya ko Funtuwa a wannan zamani, aka ce masa wane hatsi ne abincin Bahaushe, ba mamaki ya ce masara, domin tuwonta ya buɗi ido ya tarar ana tuƙawa a gidansu. Amma da kakansa za a yi wa wannan tambaya, dariya zai yi, ya ce ai abincin Bahaushe gero ne da dawa, masara kuwa abar gashi ce da akan yi wa 'yan kunyoyi a bayan gida. Dukansu biyu gaskiya suka faɗa, sai dai kowa labarin zamaninsa ya bayar. A tsakanin zamanin kakan da na jikan, watau shekara hamsin da 'yan kai, masara ta baro bayan gida ta mamaye manyan gonaki, har ta zama abinci kuma abin sayarwa.

Wannan canji ya zo da alheri, ya kuma zo da haɗari. Masara tana da albarka idan ta sami ruwa da taki, amma ba ta da haƙurin ƙishirwa irin na gero da dawa. Saboda haka duk mutanen da suka mai da ita tuwonsu na kullum, sun ƙara rataya rumbunsu a wuyan ruwan sama ke nan, a ƙasar da damina ba ta da tabbas. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a bi tarihin ƙoƙarin da aka yi na samo masarar da za ta jure fari, tun daga ƙasar Meziko, zuwa kudancin Afirka, har zuwa Samaru da Biu. Abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne, wannan aiki bai kai ga biyan bukata ba sai da malaman bincike suka yarda suka tafi wurin manomi a gonarsa, suka ba shi damar ya zaɓi abin da ya dace da shi.

Asalin Masara da Zuwanta Ƙasar Hausa

Masara baƙuwa ce a nahiyar Afirka. Asalinta daga kudancin Meziko ne, inda mutanen wurin suka fara nomanta kimanin shekara 9,000 da suka wuce. Uwarta wata ciyawar daji ce da ake kira tiyosinte, mai 'ya'ya ƙalilan, kowanne a cikin ɓawo mai tauri kamar tsakuwa. A wancan lokaci babu jami'a, babu gonar gwaji. Manoma ne, maza da mata, suka riƙa ware wadda ta fi kyau kowace kaka suna ajiyewa don shuka, ɗa ya gada daga uba, jika ya gada daga kaka, har ciyawar nan ta rikiɗe ta zama masarar da muka sani. Ashe ke nan masara kanta aikin hannun manomi ce tun asali.

Bayan tafiyar Kolumbus ta 1492 masara ta ƙetara teku. Turawan Fotugal suka kawo ta gaɓar Afirka ta Yamma a ƙarni na 16, ta kuma bazu a ƙasashen kurmi. Amma sunan da muke kiranta da shi yana nuna wata hanya dabam. Masana da yawa suna ganin kalmar masara daga Masar ta fito, watau ta iso mu ne ta gabas, a hannun fatake da mahajjata. A Barno ma sunanta ya yi kama da namu.

Ko ta wace hanya ta zo, shekaru aru-aru masara ba ta sami babban matsayi a ƙasar Hausa ba. Wurinta bayan gida ne, inda toka da shara da takin dabbobi suka taru, ko kuwa a bakin fadama. Amfaninta shi ne tana nuna a daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sai a karyo a gasa ko a dafa, a toshe yunwa kafin sabon hatsi ya shigo gida.

Fari da Dabarun Manomi

Ba banza Bahaushe ya riƙe gero da dawa ba. Tarihinmu cike yake da shekarun wahala, har kowace yunwa da sunanta: Kakalaba ta 1914, 'Yar Buhu ta 1927, da 'Yar Gusau ta 1942. Ƙarancin ruwa ne kan fara jawo su, sa'an nan nauyin haraji da tsadar hatsi su ƙarasa. A baya-bayan nan kuma ga babban farin 1972 zuwa 1974 wanda ya halaka dabbobi masu ɗimbin yawa a ƙasashen Sahel, ga kuma na 1983 da 1984.

Mutumin da ya zauna da irin wannan hali dole ya yi dabara. Manomi ya tanadi gero mai saurin nuna, ya tanadi maiwa da dauro masu jinkiri, ya tanadi dawa farafara da kaura, kowace da ƙasar da take so. Yana yin binne tun kafin ruwa ya sauka domin kada ya yi asarar ruwan farko. Yana haɗa gero da dawa da wake a gona guda, domin idan wannan ya ƙi, wancan ya yi. Da kaka kuma yakan bi zangarniya ɗaya bayan ɗaya ya fid da waɗanda suka fi cika, ya ɗaure su dabam, ba a taɓa su ko da yunwa ta yi tsanani. Wannan shi ne kyautata iri, ko da yake ba a kira shi da wannan suna ba.

Turawan mulki ba su ɗauki wannan a bakin ilmi ba. Da suka kafa tashar binciken aikin gona a Samaru a 1922, hankalinsu ya fi karkata ga auduga da gyaɗa, abubuwan da jirgin ƙasa ke kwasa zuwa Ikko. Shawarar da malaman gona suka daɗe suna kai wa ƙauye ita ce a daina cakuɗa amfanin gona, a shuka kowane iri shi kaɗai. Manomi ya ce to, ya koma ya ci gaba da abinsa, aka ce taurin kai ne.

A Samarun ne kuma aka fara gane cewa ba taurin kai ba ne. Tashar ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 da sunan Cibiyar Binciken Aikin Gona. A 1966 da 1967 wani masanin tattalin arziki mai suna David Norman da abokan aikinsa suka bi manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suna rubuta aikinsu da abin da suka girbe. Lissafinsu ya nuna cewa haɗa amfanin gona ya fi kawo riba a kan fili guda, ya kuma fi tsare gida daga asara. Wannan bincike yana cikin waɗanda suka sa duniya ta fara cewa a saurari manomi kafin a ba shi shawara. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo.

Yadda Masara Ta Mamaye Gonaki

A 1967 aka kafa cibiyar binciken noma ta ƙasashe masu zafi a Ibadan, wadda aka fi sani da IITA. A farkon shekarun 1970 malamanta suka fid da wata farar masara mai suna TZB, mai yawan amfani, wadda ba ta saurin kamuwa da cututtukan ganye. Da aka gwada ta a ƙasar Zazzau da kudancin Katsina sai aka ga ta fi yin kyau a nan bisa ga kurmi, domin hasken rana ya fi yawa, cuta kuma ta fi ƙaranci.

Sai ga shi a 1975 an buɗe shirye-shiryen raya aikin gona na Funtuwa da Gusau da Gombe da rancen Bankin Duniya. Aka yi hanyoyin karkara, aka buɗe wuraren sayar da iri da taki, aka ɗauki malaman gona. Kuɗin man fetur sun shigo, gwamnati ta yi wa takin zamani rangwame mai yawa, aka yi Shirin Ciyar da Ƙasa a 1976 da na Juyin Noma a 1980. Wani abin da ya taimaki TZB shi ne manomi yana iya ajiye irinta daga gonarsa, ya ba maƙwabci, maƙwabci ya ba suruki. Kafin ƙarshen shekarun 1980 masara ta zama babban amfanin gona a wannan yanki, injin niƙa ya shiga ƙauyuka, tuwon masara ya zauna daram.

Amma wannan masara 'yar gata ce, an rene ta a gonar gwaji inda ruwa da taki ba sa yankewa. Farin 1983 ya nuna rauninta. Tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, taki ya yi tsada, a 1997 kuma gwamnati ta janye rangwamen. Da ƙasa ta gaji sai ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, ya sami wurin shiga. Manomi ya wayi gari da amfanin gonar da ya riga ya saba da shi, ga shi kuwa ba shi da abin biya masa bukatunsa.

Abin da Fari Ke Yi wa Masara

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu san inda fari ke kama masara. Masara tana da fure iri biyu a jikin kara guda. Na namiji yana can a ƙoli, shi ke zubo da gari mai kama da ƙura. Na mace kuwa shi ne gemun nan da ke fitowa a bakin goyo, kuma kowane silin gemu yana haɗe da ƙwaya ɗaya. Sai garin nan ya faɗa kan sili kafin ƙwayar ta samu. Idan ruwa ya ɗauke a wannan lokaci, na sama yakan zubar da garinsa a kan kari, amma gemu sai ya yi nawa. Kafin ya fito gari ya ƙare. Shi ya sa akan ga kara tsaye, ga goyo, a ɓare a tarar da totuwa da 'yan ƙwayoyi jefi-jefi. Kwana goma ko goma sha biyar na rashin ruwa a wannan gaɓa sun isa su cinye wahalar shekara.

Malaman cibiyar kyautata masara da alkama ta duniya, watau CIMMYT, wadda aka kafa a Meziko a 1966, su suka fi bin diddigin wannan al'amari. Tun daga tsakiyar shekarun 1970 suka ɗauki wata masarar manoman Meziko mai suna Tuxpeno, suna shuka ta da rani a tasharsu ta Tlaltizapan, lokacin da ba a ruwan sama. Sai su yi mata ban ruwa har ta kusa fure, sa'an nan su datse ruwan da gangan. Waɗanda gemunsu ya fito da wuri suka yi ƙwaya duk da ƙishirwa, su ake ɗauka a haɗa su barbara, a sake shukawa, a sake datse ruwa. Aka yi haka zagaye takwas. A 1993 Gregory Edmeades da abokin aikinsa Jorge Bolanos suka bayyana cewa kowane zagaye yana ƙara kimanin kilo 100 a hekta. Wannan ya tabbatar da cewa jure fari abu ne da ake gado, ana kuma iya ƙarfafa shi ta hanyar zaɓe, kamar dai yadda manomi ke yi da zangarniyarsa, sai dai su sun haɗa da awo da lissafi.

Gwajin Uwa da 'Ya'ya

Samun iri a tasha dabam, karɓuwarsa a ƙauye dabam. Ƙasar Malawi, inda masara ce abincin kowa, ta ba da darasi a kan haka. An daɗe ana kai wa manomanta masara mai yawan amfani suna ƙin shuka ta don ci, ana mamaki. Ashe matan gida ne suka ƙi ta, domin ƙwayarta tana da taushi, tana farfashewa a turmi wajen surfe, gari ya bi dusa, ƙwari kuma suna saurin cinye ta a rumbu. Sai a 1990 da aka fid da iri biyu masu ƙwaya mai tauri, MH17 da MH18, aka sami waɗanda suka shiga turmi lafiya. Malami yana auna buhu a bakin gona, uwargida kuwa tana auna garin da ya isa tukunya.

A daminar 1991 zuwa 1992 aka yi wani mummunan fari a kudancin Afirka wanda ya jefa miliyoyin mutane cikin neman taimakon abinci. Bayansa, a tsakiyar shekarun 1990, CIMMYT ta ɗora wa wata malama 'yar ƙasar Suwizalan, Marianne Banziger, aikin kawo dabarar Meziko zuwa Zimbabuwe. Ita kuma ta ƙara wani abu: ta riƙa gwada iri a ƙasar da aka bari ta gaji da gangan, ba taki, domin irin gonar da talaka ke nomawa ke nan.

Saura yadda za a ji ta bakin manoma masu yawa ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. A nan aka ari wata dabara da wata masaniyar ƙasar noma, Sieglinde Snapp, ta tsara tare da manoman Malawi a ƙarshen shekarun 1990, wadda aka laƙaba wa suna gwajin uwa da 'ya'ya. Ga yadda take. A tsakiyar ƙauye, a filin makaranta ko wurin malamin gona, sai a shuka iri goma sha biyu gaba ɗaya, wani sashe da cikakken taki, wani da ɗan abin da manomi ke iya sawa. Wannan ita ce uwa. Sa'an nan a ba wasu manoman da ke kewaye iri huɗu-huɗu daga cikinsu, kowa ya kai gonarsa ya noma yadda ya saba, ba mai sa masa baki. Waɗannan su ne 'ya'ya. Da kaka a auna amfani, a kuma tambayi mai gona da iyalinsa wanne suka fi so, da dalili. Uwa tana ba malami lissafin da yake bukata, 'ya'ya kuma suna gaya masa gaskiyar da tasha ba za ta iya gaya masa ba. Maƙwabta kuma suna wucewa suna gani, gani kuwa ya kori ji.

Daga wannan aiki aka sami iri irin su ZM521, wanda cibiyar ta ba da rahoton ya fi na gargajiya amfani da kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari a shekarar fari da ƙasa marar taki. A 2006 aka ba CIMMYT lambar yabo ta Sarki Baudouin saboda wannan ƙoƙari. Amma yabon da ya fi wannan shi ne na manoman Malawi, waɗanda suka raɗa wa wani iri mai lamba ZM309 suna da harshensu, msunga banja, watau mai riƙe iyali. Iri ba ya samun suna a bakin mutane sai ya shiga zuciyarsu.

Aikin Ya Iso Gida

A Afirka ta Yamma IITA ce ta ja ragamar wannan aiki, tare da Samaru da sauran cibiyoyin ƙasa. Hanya biyu aka bi. Ta farko ita ce ta jurewa, irin ta Meziko: ana datse wa masara ruwa da rani a Ikenne ta Jihar Ogun, ana kuma gwada ta a Bagauda kusa da Kano inda damina kan yanke da wuri. Abebe Menkir, mutumin Habasha, yana cikin waɗanda suka daɗe a kan wannan. Hanya ta biyu ita ce ta tsere wa fari. Baffour Badu-Apraku, mutumin Gana, ya shafe shekaru yana kyautata masara mai nuna cikin kwana 90 zuwa 95, da wadda ta fi ta sauri mai kwana 80 zuwa 85. Wannan ita ta buɗe wa masara hanyar shiga wuraren da a da sai gero.

Da aka fita gonakin manoma sai aka tarar fari ba shi kaɗai ne abokin gaba ba. Masarar da ta jure ƙishirwa amma ƙuduji ya shanye ta ba ta yi wa kowa amfani ba. Dole aka haɗa halayen biyu a iri guda. Irin da aka amince da su sukan fito da sunan SAMMAZ, watau masarar Samaru, kamar SAMMAZ 15 ta 2008 wadda ta yi suna wajen jure ƙuduji. Kwamitin ƙasa mai ba da izinin fid da sabon iri, wanda dokar 1987 ta kafa, shi ma yana neman sakamakon gwaji a gonakin manoma kafin ya sa hannu.

Kyakkyawan misali a nan gida shi ne shirin PROSAB da aka gudanar a kudancin Jihar Barno daga 2004 zuwa 2009 da kuɗin ƙasar Kanada, a ƙananan hukumomin Biu da Hawul da Kwaya Kusar da Damboa. IITA da Jami'ar Maiduguri da hukumar raya aikin gona ta jihar suka fara da zama da mutanen ƙauyuka, maza da mata, su faɗi damuwarsu da bakinsu. Ƙungiyoyin manoma suka zaɓi waɗanda za su yi gwaji a madadinsu. Aka gwada masara mai jure fari da ƙuduji, aka kuma gwada juya gona tsakanin masara da waken soya don rage ƙudujin. Daɗin daɗawa, aka koya wa wasu manoman yadda za su riƙa noma irin da kansu suna sayar wa 'yan'uwansu, domin iri mai kyau da ba a samunsa ranar shuka daidai yake da babu.

Babban shirin da ya haɗa duk waɗannan shi ne na Masara Mai Jure Fari don Afirka, wanda CIMMYT da IITA suka gudanar har zuwa 2015 a ƙasashe 13, ciki har da Nijeriya da Gana da Binin da Mali, da taimakon gidauniyar Bill da Melinda Gates da wasunsu. An fid da iri fiye da 200 a ƙarƙashinsa. Wani bincike da aka buga a 2017 a kan manoman Nijeriya ya nuna waɗanda suka shuka irin nan sun sami ƙarin amfani kimanin kashi 13 cikin ɗari, hawa da saukar amfaninsu kuma ya ragu da kusan rabi. Ga mai iyali, na biyun ya fi na farko muhimmanci, domin abin da ke tayar da gida shi ne shekarar da aka tashi ba komai.

Wa Ke Riƙe da Iri?

Duk da wannan nasara, akwai abubuwa uku da bai kamata a rufe ido a kansu ba. Na farko, jure fari ba ya nufin rayuwa ba ruwa. Masara tana bukatar ruwa milimita 500 zuwa 800 kafin ta nuna, gero kuwa yana yi da abin da bai kai haka ba. Idan fari ya yi tsanani, irin zamani ma bushewa yake. Ko a watan Agusta na 2024 ruwa ya ɗauke na makonni a arewacin Gana har gwamnatin ƙasar ta hana fitar da hatsi waje. Wanda ya kori gero da dawa daga gonarsa gaba ɗaya don ya sami sabon iri, ya jefar da garkuwar kakanninsa.

Na biyu, shigar da manomi mataki-mataki ce. Sau da yawa akan kira shi ne a ƙarshe, ya zaɓa daga abin da aka riga aka dafa. Wannan ya fi babu, amma bai kai a tambaye shi tun farko me za a ɗora a wuta ba. Sa'an nan a duba su wa ke zuwa ranar baje kolin gonar gwaji. Idan masu hali ne kawai da na kusa da mai unguwa, to ba a ji ta bakin mai gona ɗaya tak ba, ba a kuma ji ta bakin matan da ke cikin gida ba, alhali su ke surfe da tankaɗe da tuƙi. Darasin Malawi bai kamata a sake biyan kuɗinsa a nan ba.

Na uku shi ne maganar mallakar iri. Masara mai aure, irin wadda kamfanoni ke sayarwa, ta fi yawan amfani, amma idan aka sake shuka 'ya'yanta sai amfanin ya ragu, dole a koma kasuwa kowace shekara. Wadda ba ta da aure kuwa ana iya ajiye irinta a maimaita shekara biyu ko uku. A 2021 Nijeriya ta yi dokar kare haƙƙin masu ƙirƙiro iri. A watan Janairu na 2024 kuma aka ba da izinin masarar TELA, watau SAMMAZ 72T zuwa 75T, wadda Samaru ta fitar tare da gidauniyar AATF ta Nairobi. An sauya mata ƙwayoyin halitta don ta kashe tsutsar kara da tsutsar nan mai cin zuciyar masara da ta ɓulla a Afirka ta Yamma a 2016, kuma masu ita sun ce tana jure matsakaicin fari. Muhawara ta tashi a kanta: masu goyon baya suna duban raguwar feshin magani, masu adawa suna tsoron dogaro ga kamfanoni. Kowane ɓangare mutum ya bi, tambayar tana nan: idan ranar shuka ta zo manomi ba shi da kuɗi, me zai zuba a rami?

Kammalawa

Mun ga yadda masara ta fito daga hannun manoman Meziko, ta yi zaman bayan gida a ƙasar Hausa, ta mamaye gonaki a zamanin arhar taki, sa'an nan fari ya tona rauninta. Mun ga malamai sun gano sirrin gemu da garin fure, abin da manomi ba zai iya ganowa shi kaɗai ba. Mun kuma ga cewa turmi da rumbu da ƙuduji da aljihu, manomi ne da iyalinsa suka san labarinsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu ɗaliban Hausa muna da ɗan abin da za mu iya sa wa a wannan aiki. Da Hausa malamin gona ke magana da manomi daga Sakkwato har Gombe, kuma ilmin manomi a cikin kalmominsa yake: sunayen iri, sunayen ƙasa, sunayen ruwan sama da na yunwa. Tsofaffin da suka san waɗannan suna ƙarewa, tsofaffin irin ma suna ɓacewa tare da su. Duk wanda ke neman abin da zai rubuta kundin digirinsa a kai, ga fage nan a ƙauyensu. Ya tattara sunayen, ya tambayi dalilin kowanne, ya kai wa 'yan'uwanmu na tsangayar aikin gona. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma fari ba ya aiko da sallama.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu daga fari da yunwa, amin.